Wa Ke Yanke Wa Kwamfuta Kwana, Mai Ita Ko Wanda Ya Ƙera Ta?

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, wani ɗalibina da ke rubuta kundin digiri na biyu a kan karin sauti ya shigo ofishina ransa a ɓace. Kwamfutar teburin da ya saya ta hannu, wadda ya tara muryoyin mutanen da ya yi hira da su a cikinta, ta juya masa baya. Abin da ya yi kawai shi ne ya sabunta babbar manhajar da ke cikinta. Da ya sake kunna ta sai rubutu ya kumbura, hoto ya riƙa tafiya yana tsayawa kamar mai ɗingishi, fankar ciki kuma ta kama kuka ba ƙaƙƙautawa. Ya kai ta wurin masu gyara biyu, kowannensu ya duba ya ce katin hoto ne ya mutu, sai dai a sayi wani, kuma kuɗin da aka yanka masa ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Na ukun, wani matashi mai ɗan teburi a bakin wani shago, bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya soka wata 'yar filasha mai ɗauke da Linux, ya kunna, sai ga hoto garau, fanka ta yi shiru. Ya dubi ɗalibin ya ce, "Malam, katinka lafiyarsa ƙalau, direbansa ne kamfani ya daina yi."

Wannan magana ta matashin ita ta sa na ɗauki alƙalami yau. Na san wani mai karatu zai ce ina ruwan shafin ra'ayi da katin hoton kwamfuta, alhali ga tsadar rayuwa ta sha wa jama'a kai. Amsata ita ce, tsadar rayuwar ce ma ta sa maganar ta zama dole. Mu al'umma ce da da yawa daga cikin kwamfutocin da muke aiki da su sai da wasu suka gama cin moriyarsu a Turai da Amurka kafin su iso mana. Duk wanda ke zaune a ƙarshen layi irin wannan, wajibi ne ya san wanda ke da ikon cewa na'ura ta tsufa, ya kuma san dalilin da ya sa ake cewa ta tsufa alhali ƙarfenta bai gaji ba.

Bari mu fara da bayanin abin da ake magana a kai. Duk abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta, daga harafi zuwa bidiyo zuwa taswira, wani sashe ne na musamman ke zana shi. A wasu kwamfutocin sashen kati ne mai zaman kansa da ake sokawa a jikin babban allon ciki, a wasu kuma, musamman na tafi-da-gidanka, an gina shi ne a cikin furosesa. Kamfanoni uku ne na Amurka suka mamaye wannan kasuwa, wato Nvidia da AMD da Intel. Shi wannan kati ba ya jin yaren kowa sai nasa. Manhajar da kake aiki da ita, ko ta kallon bidiyo ce ko ta zanen gini, tana ba da umarni ne da wani harshe na bai-ɗaya da masana'antar ta amince da shi, irin su OpenGL da ya fito a 1992, da Vulkan da ya fito a 2016, da DirectX na Windows. Katin kuwa lambobi kawai ya sani, kuma lambobin katin AMD daban suke da na Nvidia, har ma a cikin kamfani ɗaya na bana kan saɓa da na shekaru biyar da suka wuce. Abin da ke tsayawa a tsakani yana mayar da wannan zance zuwa wancan, shi ne masu gyara ke kira direba. Sunan aro ne, kuma ni a ganina da tafinta aka ce masa da ya fi dacewa, domin aikinsa ke nan. Idan babu shi kwamfuta ba ta rasa hoto gaba ɗaya, amma sai furosesa ya ɗauki aikin da ba nasa ba, na'ura ta yi zafi, batir ya zube cikin ɗan lokaci, taron bidiyo ya riƙa yankewa. Wanda ke aiki da inbata ko janareta ya san ma'anar wannan a aljihunsa.

Direbobi iri biyu ne. Akwai rufaffe, wanda kamfani ke rubutawa a cikin gidansa ya ba ka gamamme, ka yi amfani da shi amma ba ka ganin rubutun da aka gina shi da shi, ballantana ka gyara. Akwai kuma buɗaɗɗe, wanda asalin rubutunsa ke fili, lasisinsa kuma ya halatta wa kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba. A ranar da aka sayi kati sabo mai saye ba zai ga bambanci ba, wataƙila ma rufaffen ya fi sauri. Bambancin sai bayan shekara bakwai ko goma yake bayyana, domin kuwa babbar manhaja ba ta zama wuri ɗaya. Zuciyar Linux, wadda ake kira kanel, kusan duk bayan mako tara ko goma ake fitar da sabon zubinta, kuma al'adar masu kula da ita ita ce duk wanda ya canza wani abu a ciki, shi zai bi ya daidaita dukkan direbobin da ke zaune a cikin gidan. Saboda haka buɗaɗɗen direban da aka karɓa cikin kanel yana tafiya tare da ayari ko da kamfanin da ya ƙera katin ya manta da shi. Rufaffen kuwa yana waje, babu mai iya taɓa shi sai mai shi, kuma ranar da mai shi ya ce ya gaji, ranar aka fara ƙirga masa kwana. Hausawa sun riga sun faɗa, kayan aro ba ya rufe katara.

Tarihin shekaru ashirin da suka wuce ya ishe mu hujja. A 2006 kamfanin AMD ya sayi ATI na Kanada, mai ƙera katunan Radeon, sannan a watan Satumban 2007 ya fara sakin ɗaruruwan shafuka na bayanin yadda katunansa ke aiki, domin masu rubuta manhaja na waje su gina buɗaɗɗun direbobi. A lokacin wasu sun ɗauki matakin a matsayin wauta, wato kamfani ya tona asirin kansa. To, mu dubi abin da ya biyo baya. Katin Radeon 9700 ya fito ne a 2002, kuma kamfanin ya cire shi da 'yan'uwansa daga cikin rufaffen direbansa tun 2009. Amma buɗaɗɗen direbansu da ake kira r300, wanda ke cikin Mesa, wato rumbun buɗaɗɗun direbobin hoto da Brian Paul ya fara a 1993, har cikin shekarun 2020 masu sa kai irin su Pavel Ondračka suna yi masa gyara suna ƙara masa inganci. Katin da ya girmi wasu daga cikin ɗaliban da nake koyarwa yana samun kulawa fiye da shekara goma bayan ubangidansa ya sallame shi.

Ga wani misalin na kusa. Katunan Radeon HD 7000 sun shigo kasuwa a 2012, kuma a watan Yunin 2021 AMD ya dakatar da fitar musu da sabon direba a kan Windows. A 2025 wani injiniya mai suna Timur Kristóf, wanda ke aiki wa kamfanin Valve mai sayar da wasannin kwamfuta, ya duƙufa wajen cike giɓin da ya hana waɗannan katuna komawa kan sabon direban amdgpu, har aka amince a mayar da su kansa a Linux 6.19. Da wannan sauyi katin da ya haura shekara goma sha uku ya samu ƙarin sauri, ya kuma samu Vulkan ba tare da mai shi ya taɓa komai ba. Abin lura a nan shi ne Valve ba sadaka yake yi ba. Yana da na'urar wasa mai suna Steam Deck da ya fitar a 2022, wadda ke aiki da Linux da katin AMD, don haka ingancin buɗaɗɗen direba riba ce gare shi. Direban Vulkan ɗin da yake zuba wa kuɗi, RADV, wasu mutum biyu ne, Dave Airlie da Bas Nieuwenhuizen, suka fara shi a 2016 ba tare da AMD ya sa su ba, kuma ya yi kyawun da a 2025 AMD ya ajiye nasa buɗaɗɗen direban na Vulkan ya rungumi wannan. Fa'idar buɗewa ke nan: idan mai gida ya gaji, wani mai buƙata yana iya ɗauka ya ci gaba, sauran jama'a kuma su amfana.

Ɓangaren Intel ne ma ya fi shafar mu, domin kwamfutocin tafi-da-gidanka na hannu da ke cike da shagunan titin Beirut a Kano, da Banex a Abuja, da kasuwar kwamfuta ta Ikeja, da yawansu da sashen hoton Intel suke aiki. Kamfanin ya daɗe yana biyan ma'aikata su rubuta direbobinsa na Linux a buɗe. Da aka zo share tsofaffin direbobi daga Mesa, maimakon a watsar da na'urorin Intel na tsakanin 2006 da 2013, sai Dave Airlie ɗin nan ya jagoranci rubuta musu wani sabo mai suna Crocus a 2021. Waɗannan na'urori, idan mai karatu bai manta ba, suna cikin waɗanda Windows 11 ba ta karɓa a hukumance, domin ta shar'anta furosesan Intel na zubi na takwas zuwa sama, ita kuma Windows 10 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025. Ma'ana, miliyoyin kwamfutoci masu lafiya sun zama marayu a ɓangare ɗaya, alhali a ɗaya ɓangaren tafintansu na nan da ransa.

Labarin Nvidia kuwa daban ne, kuma shi ne ya fi koyar da darasi. Shekara da shekaru kamfanin ya ƙi sakin bayanan da za su isa a rubuta cikakken buɗaɗɗen direba, har ta kai a watan Yunin 2012, a wani taro a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds da ya ƙirƙiro Linux ya ce bai taɓa hulɗa da kamfani mai wuyar sha'ani kamarsa ba, ya kuma yi masa daƙuwa irin ta Turawa da yatsa ɗaya a gaban kyamara. Tun kafin nan, a wajen 2005, wani Bafaranshe mai suna Stéphane Marchesin da abokansa suka fara wani aiki da suka sa wa suna Nouveau, inda suka ƙudura gano harshen katunan da kansu. Hanyar da suka bi ta ba ni sha'awa ƙwarai, domin ita ce muke koya wa ɗaliban ilimin harsuna idan za su tunkari harshen da ba shi da ƙamus. Ka canza sauti ɗaya ka ga ko ma'ana ta canza, kamar yadda kasa da ƙasa ke nuna wa baƙo cewa k da ƙ sautuka biyu ne a Hausa. Haka su ma suka riƙa yi: a umarci rufaffen direba ya zana wani abu, a rubuta lambobin da ya aika wa kati, a canza abu ɗaya tak a cikin umarnin, a sake dubawa a ga lambar da ta motsa. Da irin wannan haƙuri suka tattara nahawun katunan, har aka karɓi Nouveau cikin kanel a 2010.

Sai dai daga katunan GTX 900 na 2014, kamfanin ya sa wa abin kwaɗo. A cikin kowane kati akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da ake loda masa, wadda ake kira famwaya, kuma daga wannan zubi katin ya daina karɓar kowace famwaya sai mai ɗauke da sa hannun kamfanin. Wadda ke kula da wuta da saurin katin kuwa ba a sake ta ga masu Nouveau ba. Sakamakon haka katin zai tashi, zai nuna hoto, amma ya maƙale a mafi ƙarancin saurinsa, kamar motar da aka hana ta fita daga giya ɗaya. A watan Mayun 2022 Nvidia ya ba duniya mamaki ya buɗe ɓangaren direbansa da ke shiga kanel, a 2024 kuma ya mayar da buɗaɗɗen ya zama zaɓin farko. Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo, kuma ya share hanya ga ayyuka irin su NVK, buɗaɗɗen direban Vulkan da ya shiga Mesa a 2023. Amma buɗewar ta tsaya ne a kan katunan da suka fara fitowa daga 2018, wato RTX 20 da GTX 16 zuwa gaba, saboda su ne ke da wani ƙaramin furosesa a ciki da aka kwashe yawancin sirrin aka mayar cikin famwayarsa, wadda ita a rufe take.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Katunan da suka faɗo a tsakani, irin su GTX 970 da GTX 1060 na 2016, wanda ke cikin katunan da suka fi yaɗuwa a duniya a zamaninsu, sun rasa tudun dafawa. A 2025 kamfanin ya sanar da cewa jerin direbobi na 580 shi ne na ƙarshe da zai san da zamansu, abin da ya rage musu sai gyaran tsaro na ɗan lokaci, wanda aka yi alkawarinsa zuwa Oktoban 2028. Sabon buɗaɗɗen direban kamfanin bai haɗa da su ba, Nouveau kuma ba shi da makullin fitar da su daga giya ɗaya. Mai karatu ya dubi abin mamaki: katin GTX na 2012 da ya riga kwaɗon zuwa, Nouveau na iya ɗaga masa sauri, amma ƙanensa na 2016 da ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ba ya iyawa. Ashe ba yawan shekaru ne ya raba su ba, sa hannu ne. Kuma waɗannan katuna na tsakiya su ne irin waɗanda masu su a can ke rabuwa da su yanzu, su ne kuma za su cika kwantenonin da ke nufo tashoshin Legas.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa buɗaɗɗen direba maganin kowace cuta ne. Adalci ya sa in faɗi inda shi ma yake da rauni. Na farko, buɗewa dama ce kawai, idan babu mai kula da direba shi ma yana mutuwa. A 2022 Mesa ta kwashe direbobin Radeon na farko-farko, na 2000 da 2001, ta mayar da su wani reshe na gefe da ake kira Amber, a 2023 kuma Linux 6.3 ta cire tsofaffin direbobin da ke ba katunan ƙarshen shekarun 1990 saurin zane, irin su Voodoo da Rage 128 da Savage. Na biyu, ko a gidan AMD da Intel famwayar cikin katin a rufe take, kuma a 2024 ƙungiyar kamfanonin da ke riƙe da ƙa'idar HDMI ta ƙi amincewa AMD ya sa HDMI 2.1 a cikin buɗaɗɗen direbansa. Intel ɗin ma ya taɓa sayar da sashen hoto na GMA 500 a 2008, wanda ya yi hayar fasaharsa daga wani kamfani, kuma masu Linux ba su taɓa samun cikakken saurinsa a buɗe ba. Na uku, wanda ya sayi kati sabo fil ya ɗora masa Linux ta shekara biyu da suka wuce zai iya haɗuwa da baƙin allo, domin direban sabon kati yana cikin sabon kanel da sabuwar Mesa ne. Na huɗu, mai binciken ƙirƙirarriyar basira da ke dogara da CUDA ba shi da mafita sai rufaffen ɓangaren Nvidia, haka nan mai zanen gini da AutoCAD ko mai tace fim da manhajojin Adobe ba zai koma Linux da rana ɗaya ba, domin ba a yi su don ita ba.

Akwai kuma masu cewa kamfani ba gidan marayu ba ne, ba za a tilasta masa ya biya injiniyoyi su yi ta renon katin da ya sayar shekara goma sha biyar da suka wuce ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kamfani ya daina reno kuma ya tafi da makulli. Wanda ya sayar maka da gida ba dole ne ya riƙa zuwa yana yi maka yaɓe duk damina ba, amma ba shi da hujjar kulle ɗakin da tsani yake ya jefa makullin a rijiya. Abin da ake nema kaɗan ne: ranar da kamfani ya yanke shawarar sallamar wani zubi na katunansa, ya saki bayanansu da famwayar da za ta ba wasu damar ci gaba. Mu da muke nazarin harsuna mun san bambancin harshen da aka rubuta nahawunsa da ƙamusunsa kafin masu shi su ƙare, da wanda ya tafi tare da tsohon ƙarshe da ke jin sa, kamar yadda harshen Ajawa na ƙasar Bauchi ya ɓace bayan masu shi sun koma Hausa. Na farkon ko bayan shekara ɗari wani na iya buɗe littafi ya koya, na biyun kuwa sai labari.

Batun bai tsaya a kan aljihun mutum ɗaya ba. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma kashi 22.3 cikin ɗari kacal aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace. Wani binciken da aka gudanar a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa Nijeriya a shekara, kuma aƙalla tan 15,000 daga ciki matattu ne tun kafin a sauke su. Idan muka ƙara da masu ran da muke binnewa da kanmu saboda rashin direba, sai mu ga cewa muna biyan kuɗin waje mu sayo kaya, mu yi amfani da rabin kwanansu, sannan mu miƙa wa 'yan jari-bola su ƙona wayoyinsu a bayan gari, hayaƙin ya dawo huhun 'ya'yanmu.

To, mene ne abin yi? Ga mai saye, shawarata ita ce kada ya tsaya a kan tambayar girman ma'adana da ƙarfin batir. Ya tambayi sunan katin hoton da shekarar da aka yi shi, ya kuma tafi kasuwa da filasha mai ɗauke da Linux, wadda ke tashi ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. Minti goma sun isa ya ga ko katin na da tafinta a wajen gidan kamfaninsa. Ga masu gyara kuma, wannan gwaji ya kamata ya zama na farko kafin a ce wa mutum kayansa sun mutu, domin amana ce.

Ga hukumomi da jami'o'i da asibitoci da ke sayen kwamfutoci ɗari-ɗari da kuɗin jama'a, lokaci ya yi da takardar neman 'yan kwangila za ta ƙunshi tambayoyi biyu: zuwa wace shekara kamfani ya yi alkawarin direba, kuma shin akwai buɗaɗɗe da za a koma kansa bayan nan? Hukumar NITDA da ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatun tarayya, da asusun TETFund da ke ɗaukar nauyin kayan aikin manyan makarantu, suna da ikon mayar da wannan sharaɗi ba tare da an kashe ko kwabo ba. Haka nan kafin a yi gwanjon kwamfutocin ofis da sunan sun lalace, a sa wani ya gwada su, waɗanda suka tashi a kai su makarantun sakandare. Wanda ke ganin gwamnati ba ta da bakin magana da manyan kamfanoni ya dubi Tarayyar Turai, wadda daga watan Yunin 2025 ta wajabta wa masu ƙera wayoyin hannu su ci gaba da sabunta babbar manhajar waya na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da ita.

Kira na ƙarshe ga abokan aikina ne na sassan kimiyyar kwamfuta. Sau da yawa abin da ke sa a cire tsohon direba shi ne masu kula da shi ba su da katin a hannu balle su gwada, kuma babu wanda ya ɗaga murya ya ce yana amfani da shi. Mu kuwa tsofaffin katunan nan su ne jarinmu, suna jibge a ɗakunan ajiya ƙura ta rufe su. Me zai hana a ba ɗaliban ajin ƙarshe aikin gwada sabon kanel da sabuwar Mesa a kan waɗannan katuna, su rubuta rahoton matsalar da suka gani su aika wa masu aikin, mai ƙoƙari a cikinsu ma ya gwada gyarawa? Wannan ya fi a sake rubuta manhajar rajistar ɗalibai karo na ɗari, wadda ba mai buɗe ta bayan an ba da maki. Ɗalibin da gyaransa ya shiga Mesa ya samu shaidar da kowane kamfani a duniya zai iya dubawa da idonsa, kuma akwai shirye-shirye irin su Google Summer of Code, da aka fara tun 2005, da ke biyan masu koyo su yi irin wannan aiki. Mu ma na sashen harsuna akwai namu rabon, domin matashin nan mai teburi a bakin shago ya cancanci ya samu bayanin waɗannan abubuwa a rubuce da harshen da yake tunani da shi.

Shi dai ɗalibin nawa ya kwafe muryoyinsa ya ajiye a wuri biyu, aka ɗora masa Linux, ya ci gaba da auna karin sautinsa da manhajar Praat a kan kwamfutar da aka ce ta mutu. Ya yi sa'a katinsa na cikin waɗanda wasu bayin Allah da bai san su ba suka riga suka rubuta wa direba a buɗe. Da katin na cikin waɗanda aka tafi da makullinsu ne, da labarin ya sha bamban. Bai kamata makomar kayan aikin ɗalibi, ko na asibiti, ko na ma'aikata ta rataya a kan sa'a ba, alhali tambaya biyu a ranar saye sun isa su kare mu. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to amma sai wanda ya san inda murfin tulun yake. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma ba shugabanninmu ikon gyarawa.